Komawa Gudun Tsere Bayan Raunin Gwiwa a Shekara 56

Ga tambayar yadda ta zo: "Shekaruna 56. Na yi tseren mita 100 da 200 ina saurayi, na bari fiye da shekara talatin, sai bara na dawo fili. Wata biyar da suka wuce gwiwata ta dama ta murɗe, ta kumbura. Hoton MRI ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya yage, kuma gaɓar ta fara cinyewa. Ba a yi mini tiyata ba. Yanzu ina tafiya ba ciwo. Zan iya komawa tsere, har in shiga gasar dattawa baɗi, ko in haƙura kamar yadda iyalina ke faɗa?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ni likitan fisiyo ne, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsoka ta hanyar atisaye, yawancin masu zuwa hannuna 'yan wasa ne, cikinsu akwai sa'o'inka har da waɗanda suka girme ka. Yadda ka kwatanta raunin nan, ƙofar komawa fili a buɗe take. Sai dai ina so ka riƙe abu guda tun daga nan. Ba ƙirgen watanni ne zai ba ka izinin gudu ba, ba kuma ɗaukewar ciwo ba ce. Ƙarfin ƙafar da ta ji rauni ne zai ba ka, ƙarfin da aka auna aka gani da ido. Tafiya ba ciwo abin godiya ne, amma abin da tafiya ke nema a wurin gwiwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da gudun mita 100 ke nema. A gudun tsere ƙafa ɗaya ce ke dira, ta ɗauki nauyin da ya ninka na jikinka sau uku ko fiye, ta sake tashi cikin ƙiftawar ido.

Maganar shekaru ita ce mafi sauƙi, bari mu kawar da ita. Hukumar World Masters Athletics tana karɓar 'yan tsere daga shekara 35 zuwa sama, ana raba su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, wato kai da 'yan 55 zuwa 59 za ka kara. Tun 1975 aka yi gasar duniya ta farko a Toronto ta Kanada. Kim Collins na Saint Kitts da Nevis ya yi gudu mafi sauri a rayuwarsa, daƙiƙa 9.93, a Jamus cikin 2016, yana da shekara 40. Hidekichi Miyazaki na Japan ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 42.22 a 2015, yana da shekara 105. Iyalinka ba su yi laifi ba, ƙauna ce ta sa suke tsoro. Amma shekara 56 ita kaɗai ba hujja ba ce ta rataye takalmi.

Takardar MRI kuwa tana tsorata mutane fiye da kima, don haka ya kamata ka san abin da take faɗa da abin da ba ta faɗa. Abin da ya yage a gwiwarka likitoci na kiransa miniskas. Faifai biyu ne na guringuntsi masu siffar jinjirin wata, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, aikinsu su baza nauyi kada ya taru wuri ɗaya. Jini ba ya kaiwa sai gefensu na waje, kamar kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa yagewar da ke can ciki ba kasafai take haɗewa ba. To amma rashin haɗewa ba ya nufin ciwon har abada. A 2008 an wallafa binciken da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton gwiwar mutane kusan dubu, 'yan shekara 50 zuwa 90, ba tare da la'akari da ko suna ciwo ko ba sa yi ba. Cikin waɗanda aka samu da yagaggen miniskas, kashi 61 cikin 100 ba su ji ciwo ko sagewa ba a watan da ya gabata. Suna yawo da abinsu ba su ma sani ba. A 2013 kuma likitocin Finland suka ɗauki mutum 146 masu yagewar da tsufan guringuntsi ya jawo, aka yi wa wasu tiyatar yanke ɓangaren da ya yage, wasu aka shigar da na'ura cikin gwiwar aka fito ba a yanke komai ba, kuma ba wanda ya san rukunin da yake. Bayan shekara guda, sauƙin da rukunin biyu suka samu bai bambanta ba. Saboda haka ban ga laifin likitan da bai garzaya da kai ɗakin tiyata ba.

Inda magana ke canzawa shi ne idan gwiwar tana kullewa, wato ta maƙale ta ƙi miƙewa sai ka girgiza ta, ko tana zamewa ta sake ka kamar za ka faɗi, musamman wajen juyawa. Wannan sai likitan ƙashi ya sake dubawa kafin a yi zancen gudu. Zamewar na iya nuna cewa jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, ta tsinke, kuma lissafinta daban ne. Wanda aka yi wa tiyatar ACL bai kamata ya koma wasa mai juye-juye kafin wata tara ba. Binciken haɗin gwiwa na Oslo da Delaware da ya fito a 2016 ya nuna kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara haƙuri, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi.

Za ka kuma ji ana cewa gudu na cinye gwiwa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya sami amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 na marasa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gudun gasa a babban mataki. Yawancin waɗannan masu dogon zango ne, ba 'yan mita 100 ba, amma darasin ya shafe ka: guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi ba ya da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma dannawa da sakewa ne ke shigar da ruwan ciki. Zama yana kashe shi, lodin da ya wuce kima ma yana kashe shi. Aikinmu shi ne nemo tsaka-tsakin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Akwai wani dattijo da ya zo mini, shekarunsa sun kusa naka, rauninsa irin naka. Ya shigo ba ɗingishi, yana cewa ya warke, so yake kawai in ce masa ya je ya gudu. Na kwantar da shi a gadon gwaji, na ce ya miƙe ƙafafu ya danna bayan gwiwa ƙasa da ƙarfi. A lafiyayyar ƙafar, tsoka ta taso ta yi curi a saman ƙoƙon gwiwa ta ɓangaren ciki, ƙoƙon ya ja sama. A mai raunin, fatar ce kawai ta ɗan yi rawa. Ya ɗago kai ya kalli ƙafar, ya sake gwadawa har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na zagaya tef a cinyoyin, santimita 15 sama da ƙoƙo. Mai raunin ta gaza da santimita 3. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe dai da ƙafa ɗaya nake yawo."

Ba ragwanci ba ne ya kawo haka. Duk lokacin da gwiwa ta tara ruwa, ko da babban cokali biyu ne, jijiyoyin da ke jikin gaɓar suna aika saƙo zuwa laka, ita kuma ta rage umarnin da ke zuwa ga tsokar gaban cinya. Jiki ne ke kare gaɓar, yana hana ka loda mata. Matsalar ita ce kumburi na iya sauka, ciwo ya ɗauke, amma tsokar ta ci gaba da barcinta wata da watanni, tana ramewa. Mutum ya koyi tafiya da dabara, yana jingina kan ɗaya ƙafar bai sani ba. Ita kuwa wannan tsokar ita ce birkin gwiwa, ita ke shanye dirar kowane taku. Idan ba ta nan, guringuntsin da ya riga ya yage ne ke shan dukan.

Don haka kafin komai, gwada kanka. Gwiwar ta miƙe sarai daidai da 'yar'uwarta, ta kuma lanƙwashe daidai da ita. Zauna a kujera, ɗaga ƙafa ɗaya, tashi tsaye da ɗayar ba tare da hannu ba, ka ƙirga sau nawa za ka iya a kowane ɓangare. Tsaya a kan matakala mai tsayin santimita 20 a gaban madubi, ka sauko da lafiyayyar ƙafar a hankali har dunduniya ta taɓa ƙasa, ka lura ko gwiwar da ke sama tana karkata ciki, ko ƙugu na zubewa gefe. Ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, ya kamata ka kai 20 zuwa 25 ba tare da tsayin ya ragu ba. Idan akwai wurin da ke da na'urar auna ƙarfin tsoka, ita ta fi. Ma'aunin da muke bi shi ne ƙafar da ta ji rauni ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Sai dai a kula, wata biyar na rashin atisaye ya raunana lafiyayyar ma, kashi 90 na rarraunar ƙafa ba abin tinƙaho ba ne. Dole su biyun su hau tare.

Hanyar hawan ita ce ɗaga nauyi, kuma nauyi na gaske. A nan ne na fi samun gardama da dattawa, domin an saba musu da cewa mai shekaru sai ɗan ƙaramin nauyi sau talatin. Wannan ba zai maido da abin da ka rasa ba. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka sa tsofaffi goma, 'yan kimanin shekara 90, ɗaga nauyi mai tsanani na mako takwas. Ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Tsoka ba ta daina amsa kira saboda furfura.

Sau biyu ko uku a mako, ka yi tsugunno da nauyi, da tura nauyi da ƙafa ɗaya a na'ura, da hawa akwati da ƙafa ɗaya, da miƙe gwiwa a zaune tana ɗauke da nauyi, da ɗaga ƙarfe daga ƙasa kana lanƙwasa ƙugu baya a miƙe. Kowanne zagaye uku ko huɗu, sau 6 zuwa 10, da nauyin da na ƙarshen zai ba ka wuya amma tsayuwar jikinka ba ta lalace ba. A makonnin farko kada tsugunnon ya wuce inda cinya ta yi daidai da ƙasa, domin zurfin tsugunno da nauyi yana matse bayan miniskas, kuma a nan ne yagewa ta fi faruwa. Kada ka juya jiki ƙafa na kafe gwiwa a lanƙwashe. Kada ka riƙe numfashi, fitar da shi lokacin da kake turawa, musamman idan kana da hawan jini. Ƙarfin da za ka gani a makonni huɗu na farko yawancinsa na jijiyoyin saƙo ne da suka farka, tsokar kanta sai wajen mako shida zuwa takwas take fara cika, jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa suna buƙatar wata uku ko fiye. Kada saurin na farko ya yaudare ka game da na ƙarshe. A tsakani, keke da iyo za su riƙe maka numfashi.

Yaya za ka san ko ka wuce gona da iri? Jiki magayi, amma gwiwa ba ta cika magana a lokacin atisaye ba, sai washegari. Idan ka ɗauki ciwo daga sifili zuwa goma, biyu ko uku lokacin aiki ba komai ba ne, muddin ya koma yadda yake cikin awa 24. Kumburi kuwa ba a yi masa uzuri. Ka sa alama a tsakiyar ƙoƙon gwiwa, ka riƙa auna kewayen da tef kowace safiya. Idan ya ƙaru da kamar santimita guda, ko ka ji gwiwar ta cika ta ƙi lanƙwashewa sosai, ruwa ba ya tsami banza: koma matakin da ya gabata na kwana biyu ko uku, sannan ka sake hawa. Ba a daina komai gaba ɗaya, ragewa ake yi. Idan gwiwar ta yi zafi ta yi ja kuma ga zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo ba dalili, wannan na asibiti ne a ranar, don na farko na iya zama ƙwayar cuta a gaɓa, na biyu gudan jini.

Ya kamata kuma ka san abin da shekaru suka ɗauka, don kada ka yi horon saurayin da kake tunawa. Tsoka tana da zaruruwa iri biyu, masu jimiri da masu zafin nama. Masu zafin naman, waɗanda ɗan tsere ke rayuwa da su, su ne suka fi saurin ƙanƙancewa da tsufa, shi ya sa fizga ke raguwa tun kafin ƙarfi ya ragu. Marko Korhonen na jami'ar Jyväskylä a Finland ya yi nazarin dattawa 'yan tseren mita 100, ya gano cewa yawan takun da suke yi a daƙiƙa bai faɗi sosai ba sai a can ƙarshen tsufa. Abin da ya faɗi shi ne faɗin taku, ƙafa kuma tana ƙara daɗewa a ƙasa. Ma'ana ƙarfin tura ƙasa ne ya tafi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji takunsa ya gajarce, sai ya riƙa miƙa ƙafa can gaba don ya faɗaɗa shi. Ƙafar sai ta dira gaban jiki da dunduniya, gwiwa a miƙe, kowane taku ya zama birki, dukan ya tafi kai tsaye cikin gaɓa. Faɗin taku daga baya yake zuwa, daga ɗuwawu da cinya da ke tura ƙasa, ba daga miƙa ƙafa gaba ba. A wurin ɗaga nauyi ake samo shi.

Idan ƙarfi ya kai, kumburi babu, sai a fara hawa tsani. Tafiya mai sauri ta minti 30, sannan sassarfa gauraye da tafiya, minti ɗaya-ɗaya, har ka iya sassarfar minti 15 zuwa 20 gwiwa ba ta yi ƙorafi washegari ba. Ba ka buƙatar fiye da haka, ba ɗan dogon zango za ka zama ba. Daga nan ƙananan tsalle-tsalle: da ƙafa biyu a wuri ɗaya, tsallen igiya, sai ƙafa ɗaya, sai tsalle gaba ka dira ka tsaya cak na daƙiƙa biyu ba tangaɗi. Ka saurari dirar. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙara, ba ka kai ba. Nisan tsallen ƙafar da ta ji rauni ma ya kai kashi 90 na ɗayar.

Gudun farko mai sauri na fi so ya zama a tudu mai ɗan gangara, mita 20 zuwa 30. Tudu yana rage sauri ko mutum ya ƙi, yana sa ƙafa ta dira ƙarƙashin jiki, yana rage tsananin dira. A hau da gudu, a sauko da tafiya, domin gudun gangara yana gallaza wa gwiwa. Bayan mako uku ko huɗu sai a koma fili mai laushi, mita 60 a kashi 60 zuwa 70 na iyakar sauri. Kada ka bar wa zuciyarka wannan lissafin, tsohon ɗan tsere idan ya ce yana kashi 70 yawanci yana 90. Sa wani ya riƙe agogo. Idan a da kana gama mita 60 cikin daƙiƙa 9, kashi 70 yana nufin kusan daƙiƙa 13. Za ka ji kamar wasa ne, haka ake so. Kowane mako biyu a ƙara kashi biyar zuwa goma. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ko sauri, ko nisa, ko irin ƙasar da ake gudu a kai. Takalmi mai ƙusa da gudun kwana su ne na ƙarshe.

Kwana biyu a mako na gudu mai sauri sun ishe ka, da tazarar kwana biyu ko uku a tsakani. Ɗumama jiki na minti 20 zuwa 30 ba a tsallake shi. Makamashin gaggawa da ke ajiye a tsoka ba ya wuce kamar daƙiƙa 10, kuma yana ɗaukar minti uku zuwa biyar kafin ya sake cika, shi ya sa masu horarwa ke cewa a huta minti guda ga kowace mita 10 da aka gudu da cikakken ƙarfi. Jimillar mita 200 zuwa 300 na gudu mai tsanani a rana ta wadatar. Da zarar agogo ya nuna ka fara sanyi, tattara kayanka ko da saura biyu a jadawali. A ganina, daga inda kake yanzu zuwa cikakken gudu, ka ƙaddara wata shida zuwa tara.

Abin da zan faɗa yanzu shi na fi so ka ji. A irin yanayinka, sau da yawa ba gwiwar ce ke sake ba da matsala ba. Hankali duk yana kanta, sai rauni ya ɓullo ta bayan cinya ko ta agara, wato babbar jijiyar bayan dunduniya. Dattijon nan da na ba ka labari ya yi biyayya wata huɗu cur, cinyarsa ta ciko, yana gudun kashi 80 lafiya lau. Ranar nan wasu samari suka jera za su gwada mita 60, ya ji jikinsa daidai, ya shiga layi. Wajen mita 40 ya ji kamar an caka masa wuƙa a bayan cinya, ya dafe wurin ya tsaya yana ɗingishi. Kwana uku bayan nan jini ya kwanta ƙarƙashin fata tun daga cinya har bayan gwiwa. Gwiwar ko gezau ba ta yi ba. Garin neman gira ya ƙara wa kansa wata biyu. Ya dawo daga baya, ya kuma yi tserensa, amma har yau yana ambaton wannan yammacin.

Tsokar bayan cinya tana yagewa ne a daidai lokacin da ƙwauri ya wulwulo gaba kafin ƙafa ta dira, tana miƙewa kuma tana taka birki a lokaci guda. Dole a horar da ita a kan wannan aikin. Atisayen da ake kira Nodik shi ya fi shahara: ka durƙusa a kan abu mai taushi, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa zubewa gaba a hankali jiki a miƙe, kana hana kanka faɗuwa har sai ka kasa, ka tare da hannu. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2019 ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Fara da huɗu ko biyar, zagaye biyu, don yana sa tsamin jiki sosai. Idan durƙuson yana damun gwiwar, kwanta rigingine, ɗora dunduniya a kan tawul a ƙasa mai santsi, ɗaga ƙugu, ka zame ƙafafu gaba a hankali.

Agara kuwa, wanda tasa ta tsinke yakan waiwaya ya ga wa ya doke shi da sanda, ya tarar ba kowa. Gargaɗinta shi ne sagewa da ciwo a bayan dunduniya a takun farko na safiya. Ɗaga dunduniya da nauyi, a tsaye gwiwa a miƙe da kuma a zaune gwiwa a lanƙwashe, sau uku a mako, shi ne rigakafinta. Ka kuma sani cewa magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dangin ciprofloxacin suna ƙara haɗarin tsinkewar agara, musamman ga wanda ya haura 60 ko yake shan maganin sitiroyid mai rage kumburi. Idan za a rubuta maka magani, gaya wa likita kana gudun tsere.

Zuciya ba a yi mata ganganci. Ga wanda ya wuce 35, toshewar jijiyoyin jinin zuciya ita ce kan gaba wajen mutuwar farat ɗaya a fagen wasa. Kafin ka kai matakin gudu mai tsanani a auna hawan jininka, da suga, da kitsen jini, a yi gwajin bugun zuciya, likita ya ji tarihin gidanku. Nauyin ƙirji, ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, sarƙewar numfashi da ba ka saba ba, jiri ko suma, duk wanda ya zo a tsaya nan take.

Sauran a taƙaice. Idan akwai ƙiba, kowane kilo guda da ka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ka ci furotin, wato sinadarin gina jiki, gram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana, a rarrabe cikin yini, in dai ƙodarka lafiya take. Barci awa bakwai zuwa takwas. Ba na son mutum ya sha maganin kashe ciwo don ya samu ya yi atisaye, toshe bakin mai gargaɗi ne. Allurar sitiroyid a gwiwa tana da ranarta, amma gwajin da aka wallafa a 2017, inda aka riƙa yin ta duk wata uku har shekara biyu, ya nuna guringuntsi ya fi zaizayewa, ciwon kuma bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sauƙi ba.

Gasar baɗi tana iya yiwuwa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ba da sunanka sai ka yi aƙalla mako shida kana gudun kashi 95 zuwa sama ba kumburi, ba sagewar agara. Fara da mita 60 ko 100, bar 200 sai gaba, domin kwana tana murɗa gwiwa ta hanyar da miƙaƙƙen layi ba ya yi, kuma idan ka fara koyonta ka zaɓi layukan waje inda kwanar ta fi buɗewa. A dokokin gasar dattawa ba dole ba ne ka tashi daga durƙushe ko ka yi amfani da abin tokare ƙafa, an yarda ka tashi daga tsaye. Idan lanƙwasawar na matsa wa gwiwar, yi amfani da wannan rangwame. Idan ka tsallake layin ƙarshe kuma, kada ka ja birki. Tsayawar gaggawa tana ɗora wa gaban cinya da gwiwa nauyi mai tsanani a lokacin da suka gaji. Bar gudun ya mutu da kansa cikin mita 30 ko 40, ka taka a hankali ka dawo, washegari da safe ka zagaya tef a gwiwar kamar kullum.